Motar da Ke Daidaita Tsayinta da Kanta: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sa Mata Jak ko Ka Ƙara Mata Tsayi

Yau za mu ɗan sauka daga kan wayar salula mu leƙa ƙarƙashin mota, domin akwai wata kwamfuta a can da mutane da yawa ba su san da zamanta ba sai ranar da ta ba su mamaki.

Duk wanda ke bin hanyoyin fadamar Argungu, ko ya nufi Augie ko Kangiwa da damina, ya san dalilin da ya sa jama'a ke son jif mai tsayi. Laka, yashi, kwazazzabo da ramukan da ruwa ya ci ba sa raga wa ƙaramar mota. Shi ya sa Prado da Lexus 'yan Kwatano ke da farin jini a Birnin Kebbi da Argungu, musamman wajen masu harkar shinkafa. To amma a cikin waɗannan motoci akwai waɗanda bayansu ba a kan sifirin ƙarfe yake zaune ba, a kan iska yake. Irin wannan mota, ɗaga ta da jak ko ƙara mata tsayi yana da ƙa'idarsa daban. Wanda bai sani ba zai iya yin asarar kuɗi mai yawa, wani ma ya rasa hannu ko ransa.

Wace irin mota ake magana?

A yawancin motoci, abin da ke riƙe nauyin bodi a kan tayoyi shi ne sifirin ƙarfe, ko mai murɗe ko mai falle-falle irin na bayan Hilux. A motocin da muke magana an cire sifirin baya, an sa wata jakar roba mai kauri cike da iska a madadinsa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ita ce ake kira balan-balan a gareji.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Citroën na Faransa ya fito da mota mai daidaita bayanta da kanta tun 1954, kodayake shi mai da iskar gas ya haɗa. A Amurka kuma Cadillac ya sa tsarin iska a motarsa Eldorado Brougham a 1957. Cikin motocin daji da ke shigowa Najeriya, waɗanda aka fi samu da balan-balan a baya kaɗai su ne Lexus GX470 da aka ƙera har zuwa 2009, da wasu manyan samfuran Prado 120 na 2002 zuwa 2009, da wasu GX460, sai Land Rover Discovery 2 na 1998 zuwa 2004. Ba kowace Prado ko Discovery ke da shi ba, don haka ka durƙusa ka leƙa bayan tayar baya. In ka ga baƙar roba mai kama da ƙaramin ganga a inda sifirin ya kamata ya kasance, to ita ce.

Kada a haɗa su da Lexus LX470. Ita ma tana hawa tana sauka, amma da mai take aiki, ba da iska ba. Range Rover kuwa balan-balan huɗu gare ta, gaba da baya.

Yadda tsarin ke aiki

Abubuwa biyar ne suka haɗu. Akwai balan-balan guda biyu. Akwai kwamfiresa, wato ƙaramin injin hura iska mai aiki da batirin mota. Akwai bawul masu buɗewa da rufewa da lantarki. Akwai sensa mai auna tsayi. Sannan akwai kwamfutar da ke ba su umarni gaba ɗaya.

Sensar ce zuciyar labarin. An ɗaure ta a jikin shasi, tana da ɗan hannu wanda aka haɗa da ƙarfen da ke riƙe aksul, wato dogon ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. In bodi ya sauko kusa da aksul, hannun ya juya gefe ɗaya. In ya yi nisa, ya juya ɗaya gefen. Wannan juyawar ce ake mayarwa siginar lantarki a tura wa kwamfuta.

Mu da muke rubuta manhaja mun saba da irin wannan tsari. Umarni uku ne kawai ke ta maimaituwa: auna tsayi, kwatanta shi da lambar da aka ajiye a ƙwaƙwalwa, sannan ka gyara bambancin. In tsayi ya gaza, kunna kwamfiresa. In ya wuce, buɗe bawul a saki iska. Haka wayarka ke yi da hasken fuskarta: ka fita rana ta ƙara, ka shiga ɗaki ta rage.

Ga ɗan lissafi don a ga ƙarfin iskar. A ɗauka faɗin balan-balan santimita 15 ne. Fuskar da iska ke turawa za ta kai kusan murabba'in santimita 177. Matsin iska na ba 1 yana tura kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Ke nan in an hura ba 4, balan-balan ɗaya zai ɗauki fiye da kilo 700. Tayar mota da muke hurawa wajen mai faci ba ta cika wuce ba 2 da ɗoriya ba. Yanzu ka loda buhun shinkafa mai kilo 50 guda 6 a but, kilo 300 ke nan, kusan 150 a kan kowane balan-balan. Bayan motar zai zauna, sensa ta kai rahoto, kwamfiresa ya ƙara iska ƙasa da ba 1, motar ta miƙe kamar ba a ɗora mata komai ba. Amfanin abin ke nan: fitila ba ta kallon sama, gindin mota ba ya jan ƙasa.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne, sensar ba ta san nisan mota da ƙasa ba. Abin da ta sani kawai shi ne nisan bodi da aksul. Duk matsalar da za mu tattauna daga nan ta samo asali.

Abin da ke faruwa idan ka sa jak

Ka yi faci a hanya, ka sa jak a jikin shasi ka fara ɗagawa. Bodi na tafiya sama, taya na nan a ƙasa. A wajen kwamfuta, wannan yana nufin mota ta yi tsayi fiye da ƙima. Ba ta ganin jak, ba ta san ka yi faci ba. Sai ta yi abin da aka koya mata, ta buɗe bawul ta fara sakin iska. Nauyin motar sai ya karkata alhali tana kan jak. In kuma ka sauke ta, sai ka tarar bayanta ya zube, balan-balan ya zama fanko, wataƙila ma ya naɗe ko ya goce daga mazauninsa. Aka hura shi a naɗe, robar na iya tsagewa.

In kuma a ƙarƙashin aksul ka sa jak ɗin, labarin ya juya. Taya na matsowa kusa da bodi, kwamfuta ta ɗauka an loda kaya, sai ta kunna kwamfiresa. Bodi ya fara hawa, motar ta motsa. Jak kuwa ba ya son motsi ko kaɗan, balle a kan yashi. Mota irin GX470 ta haura tan 2. In ta zame a kan mutum, ba a cewa komai sai innalillahi.

Kashe inji kaɗai ba kullum yake wadatarwa ba. A wasu motocin, musamman na Land Rover, kwamfutar kan ci gaba da aiki na wani lokaci bayan an zare makulli, kuma sakin iska ba ya buƙatar inji, buɗe bawul ne kawai.

Matakan ɗaga ta lafiya

1. Nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. In yashi ne ko ƙasar fadama, sa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak. Bulo na siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kada ka yarda da shi.

2. Sauke mutane da kaya masu nauyi, ka bar motar ta daidaita a tsayinta na kullum. A Lexus da Prado shi ne inda fitila ke nuna N.

3. Kashe tsarin daidaita tsayi. A GX470 da Prado akwai maɓalli mai rubutun OFF tare da na HI da LO. Danna shi har fitilarsa ta kama a dashbod, sannan ka kashe inji ka zare makulli. In motarka ba ta da maɓallin, bi abin da littafinta ya ce. In za a daɗe ana aiki a ƙarƙashinta, a cire kan batir na nagatif.

4. Sa giya a P, ja burkin hannu, sannan ka tokare tayoyin da ke ƙasa da dutse ko katako gaba da baya. Burkin hannu na Prado da GX tayoyin baya yake kamawa, su kuma kake shirin ɗagawa. Na Discovery 2 ma ba taya yake kamawa ba, sandar da ke kai ƙarfi zuwa baya yake riƙewa, don haka da zarar taya ɗaya ta bar ƙasa motar na iya gangarawa.

5. Sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan ka sa jak a daidai wurin da kamfani ya nuna. In littafin motar ya ɓata, kamar yadda ya saba faruwa da motocin hannu, rubuta sunan motar da shekararta a intanet ka sauke shi a wayarka tun kafin ranar buƙata.

6. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A gareji a sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota. A hanya kuwa, tura tayar da ka cire ƙarƙashin shasi ta zama kariya.

7. Sauke ta a hankali. Leƙa ka tabbata balan-balan na zaune daidai sama da ƙasa, sannan ka tayar da inji, ka kunna tsarin, ka jira ta daidaita kafin ka ja.

Wani abu da ya kamata ka gaya wa bakanikenka: shokozoba ce ke hana aksul faɗuwa fiye da ƙima. In aka kwance ta alhali aksul na rataye kuma balan-balan na cike da iska, zai miƙe fiye da iyakarsa. A tokare aksul tukuna.

Ƙara mata tsayi na dindindin

Kafin ka kashe ko sisi, duba abin da kamfani ya riga ya ba ka. Maɓallin HI na GX470 da Prado yana ɗaga bayan mota kusan santimita 4. Discovery 2 ma tana da maɓalli mai yin haka. An yi shi ne don tsallake wuri mai wuya a hankali, shi ya sa da ka ƙara gudu motar ke komawa tsayinta da kanta. Ga wanda matsalarsa ita ce gindin mota na bugun ƙasa wajen fita daga kwazazzabo, sau da yawa wannan ya isa.

Ga wanda ke son ƙari na dindindin, galibi inci 2 ake yi, wato kusan santimita 5. A motar sifirin ƙarfe, sai a canza sifirin da mai tsawo. A motar iska kuwa, in ka sa ƙarfen ƙari a ƙarƙashin balan-balan ka tsaya nan, ba abin da zai canza. Sensa za ta ga an yi tsayi, kwamfuta ta saki iska har motar ta koma inda take. Ka biya kuɗi, manhaja ta soke aikin. Dole sai an taɓa abin da sensa ke gani. Hanyoyi huɗu ake bi.

Ta farko ita ce yaudarar sensa. Ana matsar da mazauninta da 'yan wasa-wasa na ƙarfe, ko a canza tsawon hannunta, ta yadda za ta riƙa ganin mota ta yi ƙasa. Kwamfuta sai ta ƙara iska. Ita ce mafi araha, amma tana da farashi a ɓoye. Balan-balan zai riƙa zama a miƙe kullum, shokozoba kuma ta kusa ƙarshen tsawonta. In taya ta faɗa rami babu sauran wurin miƙewa, sai ka ji duka, tafiya ta yi tauri. Ɗan ƙari kaɗan ba laifi, amma neman inci 2 ta wannan hanya kaɗai wahalar da kayan ne.

Ta biyu ita ce a yi aikin cikakke: ƙarfen ƙari a ƙarƙashin balan-balan ko balan-balan mai tsawo, shokozoba mai tsawo daidai da shi, sannan a matsar da sensa gwargwadon ƙarin. A nan balan-balan na aiki a tsayin da aka ƙera shi, motar kuma ba ta rasa daidaita kanta ba. Sharaɗin shi ne ukun su tafi tare. In aka sa doguwar shokozoba aka bar gajeren balan-balan, ranar da taya ta rataya a rami zai fizge daga mazauninsa.

Ta uku ita ce ta kwamfuta, wato a canza lambar tsayin da ke ƙwaƙwalwar motar da na'urar bincike. Manhajar Toyota da Lexus sunanta Techstream, masu Discovery 2 kuma sukan yi amfani da na'urar Nanocom. Asalin aikin wannan hanya shi ne daidaita dama da hagu bayan an canza sensa ko an ƙara tsayi, kuma abin da take iya ƙarawa yana da iyaka.

Ta huɗu ita ce a cire balan-balan gaba ɗaya a sa sifirin ƙarfe. Mutane da yawa a nan ita suke zaɓa, kuma suna da hujja: sifirin ƙarfe ba ya yoyo, kowane bakanike ya san shi, kuma ba sai an jira saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ba. Abin da za ka rasa shi ne daidaitawa. Ka loda buhu 6, bayan motar zai zauna ya tsaya a zaune. Sannan dole a kashe tsarin yadda ya kamata, in ba haka ba fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba. A Discovery 2 akwai ƙarin hattara: kwamfutar da ke kula da balan-balan, mai suna SLABS, ita ce kuma ke kula da burkin ABS. Ba a cire ta, sai dai a shiga da na'ura a gaya mata motar ta koma sifirin ƙarfe.

Abin da ƙarin tsayi ba ya yi

Ga wata gaskiya da masu sayar da kayan ba su cika faɗa ba. Ƙara tsayin sifirin ko balan-balan bodi yake ɗagawa, ba aksul ba. Tulun giyar da ke tsakiyar aksul na baya, wanda shi ne ke fara kama tudun tsakiyar hanya in tayoyi sun nutse a laka, yana nan inda yake. Abin da ke ɗaga shi kawai shi ne babbar taya.

Tayar GX470 ta asali 265/65R17 ce, tsayinta kusan milimita 776. In ka koma 265/70R17, tsayin ya zama kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa ne ke ƙarƙashin aksul, wato kusan milimita 13. Agogon gudu kuma zai fara yi maka ƙarya: yana nuna 100 kana kan kusan 103.

Akwai sauran abubuwan da ke biyo bayan ƙarin tsayi. Tiyon burki da wayar ABS na iya yin gajarta su tsinke in aksul ya rataya. Ƙarfen da ke riƙe aksul ta gefe zai ja shi ɓangare ɗaya kaɗan. In an ɗaga baya, dole a ɗaga gaba daidai da shi, a sake saita tayoyi da fitilu. Mafi muhimmanci, nauyin motar ya ƙara hawa sama. Jif dama ta fi ƙaramar mota saurin kifewa, kuma duk santimitar da ka ƙara tana ƙara wannan haɗari in ka kauce wa rami ko dabba da gudu a titin Argungu zuwa Sakkwato. Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, ya yi tunani sau biyu.

Zafi, ƙura da ruwa

Yanayinmu ba ya tausaya wa roba. Zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kuma yawancin motocin nan sun shekara 15 ko fiye. Robar na tsattsagewa a daidai inda take naɗewa, iska ta fara zurarewa a hankali. Kwamfiresa sai ya riƙa aiki ba hutu don cike gurbin har ya ƙone. Yoyon da za a magance da canza balan-balan ɗaya sai ya ci kwamfiresa ma. Ƙurar hunturu na toshe matatar iskarsa, ruwan fadama kuma na shiga soket ɗin sensa, tunda duk a ƙarƙashin mota suke. Bayan ka ratsa laka, wanke wajen, ka duba ko kara ko itace bai lanƙwasa hannun sensa ba.

Wayarka za ta taimaka a nan. Da yamma, ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka kashe tsarin, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi dama da hagu, ka ɗauki hoton awon. Da safe ka sake aunawa. In gefe ɗaya ya sauka, akwai yoyo a wannan gefen. Fesa ruwan sabulu a jikin balan-balan da mahaɗar tiyo, inda kumfa ya taso nan ne. Kunna agogon waya kuma ka ga tsawon lokacin da kwamfiresa ke ɗauka. In kullum yana ƙaruwa, ko yana tashi a kai a kai ba tare da an ƙara kaya ba, akwai magana.

Game da 'yar na'urar ELM327 da ake sakawa a soket ɗin OBD2 a haɗa da waya ta Bluetooth, tana da amfani wajen karanta matsalar inji da manhajoji irin su Torque. Amma yawancin masu arahar ba sa shiga kwamfutar balan-balan. In ta ce ba matsala, inji take nufi.

Kafin ka miƙa makulli

In za ka saya, ka sa a tayar da motar a danna HI da LO a gabanka, ka ga ta hau ta sauka, dama da hagu daidai. In an riga an mayar da ita sifirin ƙarfe, ka tambaya yadda aka yi da kwamfutar, kuma ka lura ko fitilun gargaɗi na kamawa in an murɗa makulli, domin akwai masu cire ƙwan fitilar don ɓoye matsala.

In kuma gyara za ka kai, tambaya ɗaya ta isa ka gane ko bakanike ya san motar: "Malam, me za ka fara kashewa kafin ka sa jak?" In ya nuna maka maɓallin, ka bar masa. In ya ce duk mota mota ce, ka nuna masa da kanka cikin mutunci, domin shi ne zai kwanta a ƙarƙashinta. Haka ma yaron mai faci a bakin titi, wanda wataƙila bai taɓa ganin irinta ba. Kai da ka sani, alhakin danna maɓallin nan a wuyanka yake.

Wanda ke da irin wannan mota a gida, ko ta mahaifi ce ko ta maigida, ya je yau ya nemo inda maɓallin yake, ya duba ko jak da katako na cikin but. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gida lafiya.